Layukan Da Malam Isyaku Ke Tsallakewa

Idan mutum ya rage wa abokinsa wani abu don gudun kada ya ji ciwo, tausaya masa ya yi, ko ƙwace masa ya yi? An yi wannan tambaya a zauren Malam Isyaku da ke unguwar Sheshe a birnin Kano, ba a kuma amsa ta ba. Shi kansa mai zauren ya sha juya ta a ransa har ya gaji, ya bar ta yadda ya same ta. Abin da za a iya faɗa kawai shi ne yadda al'amarin ya faru.

Malam Isyaku bai yi nisa a boko ba. Firamare ya gama, sauran karatun kuwa a gindin teburan masu sayar da tsofaffin littattafai ya tsince shi. Ya yi ƙuruciyarsa yana rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Da bayansa ya fara ƙin hawa tsani, sai ya koma rubuta tarihin unguwannin cikin birni: wa ya fara zama a wane lungu, wace sana'a aka san gidan wane da ita, wace rijiya ce ta ƙafe aka gina shago a kanta. Yakan bi tsofaffi ya zauna da su, ya dawo ya rubuta. Hannunsa kuwa abin kallo ne. Yana rubutu da baƙar tawada, sunayen mutane da na wurare ya sa su da ja.

Shekarar da soja suka koma bariki, bakin kowa ya buɗe. Takardu suka yi ta yawo a ƙofar masallatai da teburin masu shayi, wasu da suna, wasu babu. A lokacin ne ya kai wani rubutunsa wani shago aka buga masa da kwamfuta, ya raba wa abokai. Ba a daɗe ba rubutun ya dawo unguwa da sunansa a ƙasa, amma an cusa layi biyu a tsakiya, masu cewa kakan wani ɗan takara bawa ne da aka sayo. Bai taɓa sanin wanda ya cusa su ba. Samari suka cika ƙofar gidansa, aka jefi ƙyaure har ya lotsa. Abin da ya cece shi a gaban mai unguwa shi ne ainihin takardar da ya rubuta da hannunsa. Aka duba, babu layukan, babu ma gurbin da za su shiga. Daga ranar ya yanke cewa kalmarsa ba za ta sake fita ba sai cikin rubutun hannunsa. Yakan ce rubutun inji ba shi da uba, kowa na iya cewa nasa ne.

'Yarsa Bahijja tana aure a Dukawuya. Ita da mijinta suna da ɗan kafe na intanet a bakin titi, kwamfutoci 'yan kaɗan da janareta mai yawan tari. Ita ta matsa masa har ya yarda ta buɗe masa shafi a intanet, shi kuma ya kafa sharaɗi ɗaya: hoton takardar za a sa, ba za a buga ko harafi ɗaya ba. Haka aka yi. Takan ɗora takardar a kan na'ura ta ɗauki hotonta, ta sa a shafin. Kanawa mazauna Legas da Jidda suka yi ta turo saƙo suna yaba hannun. Malam Isyaku ya ga ya samu abin da yake so. Duniya na karanta shi, ba mai iya taɓa masa kalma.

Yana da aboki, Malam Bukar na Zaitawa. Asalin gidansu Barno ne, amma kakansa ma a Kano aka binne shi. Tare suka yi makarantar allo. Da yake mahaifiyar Isyaku Bafillatana ce, wasan Fulani da Barebari bai taɓa barin bakinsu ba. Bukar ya yi shekaru yana buga tafireta a wata masaƙa, sannan ciwon suga ya cinye masa ido a hankali, har ya zama bai san rana ta fito ba sai ya ji ta a fatarsa. Kafin nan mutum ne da ko takardar ƙunshin ƙosai sai ya karanta kafin ya yar.

Kowace Juma'a bayan la'asar Bukar yakan biyo lunguna da sandarsa ya zo zauren Isyaku. A shimfiɗa tabarma, Mero matar Isyaku ta turo fura, Isyaku ya karanta masa abin da ya rubuta a makon, sannan su yi gardama har a kira magariba.

Akwai abin da Isyaku yake yi a wurin karatun, bai kuma taɓa ɗaukarsa laifi ba. Duk inda rubutu ya zo kan abin da ido kaɗai ke gani, kamar launin rini, ko adon bangon wani tsohon zaure, ko yadda hasken yamma ke kwanciya a kan ganuwa, sai ya yi gyaran murya ya tsallake, ya ɗora daga gaba. A ganinsa karanta wa Bukar irin wannan kamar cin nama ne a gaban mai azumi. Kara ce, irin wadda aka tashe su da ita.

Sai ya rubuta tarihin gidan su Bukar. Marigayi Goni, mahaifin Bukar, shi ke yi wa yaran unguwa allon zayyana idan sun sauke Alƙur'ani, wato allon da ake ƙawatawa da launuka don ranar walima. Isyaku da Bukar suna yara sun sha zama gabansa suna kallo. Isyaku ya cika shafi guda da bayanin yadda Goni ke haɗa launukan a 'yan kwanuka da yadda yake jera su a kan allo. Ranar Juma'a da ya zo kan shafin, ya yi gyaran murya ya juya takarda.

Juma'ar da ta biyo baya Bukar ya zo, ya zauna, bai taɓa furar ba.

"Bafillace, karanto min na makon jiya."

"Ai mun gama shi."

"Kai ka gama shi. Ni ban gama ba." Ya jingine sandarsa da bango. "Jiya Baffa maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci. Ɗansa ya nuna masa shafinka. Ya ce wurin nan da ka kwatanta yadda babanmu ke sa launi a allo, sai da ya yi ƙwalla. Ya ce lallai ni kam na ji daɗi. Na ce masa ƙwarai na ji daɗi. Ka sa ni ƙarya a ƙofar masallaci, Isyaku."

Isyaku ya gyara zama. "Ɗan wuri ne kawai."

"Ka san tun yaushe nake jin gyaran muryar nan? Duk sa'ad da ka yi shi, na san an yanke min wani abu. Takarda takan juyu da wuri. Na yi shiru ne don na ɗauka shirme ka rubuta kake jin kunya, tunda an san Fulani da haka."

"Gudun ɓacin ranka nake yi."

"Ni na aike ka?"



"Idona ne ya mutu," in ji Bukar, "ba abin da na gani ba. Na ga ja fiye da shekara hamsin. Yana nan, ba wanda ya zo ya kwashe shi." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, kamar mai share gajiya. "Ba kai kaɗai ba ne. Matata Fanna in tana karanta min jarida, labarin haɗarin mota tsallake shi take yi. Yarana in likita ya rubuto bayani, rabin suke faɗa min. Kowa ya zama mai tace min duniya. Na gaji da cin abin da aka tace."

Sannan ya ba shi labarin da bai taɓa ba shi ba. Ƙungiyarsu ta makafi ta samu kwamfuta daga wasu masu agaji, an sa mata manhajar da ke karanta rubutun da ke kan allonta da murya. Da yake yatsunsa ba su manta tafireta ba, bai sha wahalar koyo ba. Yakan hau acaɓa ya je can duk Talata.

"Muryar Bature ce," ya ce. "Hausa a bakinta kamar ana tauna tsakuwa. Amma kunne ya saba. Ina karanta labarai da kaina, in tsaya inda na so, in koma baya. Na sa aka buɗe min shafinka, na ce yau zan ji abin da Bafillace ke ɓoye min. Ka san abin da ta ce? Hoto. Na matsa ƙasa. Hoto. Na sake matsawa. Hoto. Shafin abokina kaf, ba kalma ɗaya. Ita rubutun da aka buga take iya karantawa. Ka sa Bahijja ta buga shi."

"Wannan kam ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"Kai ma ka sani. Kana nan aka jefi ƙofar nan. Ga lotsawar nan har yau, in ka miƙa hannu za ka taɓa ta."

"Na sani."

"To ka bar wannan magana. Daga yau zan karanta maka komai, ba zan tsallake ko wasali ba. Bari ma ka ji."

Ya lalubo shafin ya fara. Bai yi layi uku ba Bukar ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ji muryarka. Kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa."

"To yaya kake so in yi?"

"Ba za ka iya ba, ba kuma laifinka ba ne. Kana kallon fuskata kana karatu. Ita waccan muryar mummuna ce, amma ba ta tausayina. Abin da ya sa nake son ta ke nan." Ya laluba ya ɗauki sandarsa ya miƙe. "Ranar da ya zama rubutu, zan karanta in zo mu yi gardama. Kafin nan ka huta da karatun, ni ma in huta da godiya."

Isyaku ya raka shi bakin lungu. Suka yi sallama a can.

Isyaku ya ɗauka fushi ne na mako guda. Juma'a ta zo, ya shimfiɗa tabarma, furar ta zauna har ta tsinke. Wata ta sake zuwa, haka. Sai ya yi dabara. Ya aro rikoda, ya rufe kansa a ɗaki, ya karanta tarihin gidan Goni daga farko har ƙarshe a kaset, yana kallon bango don kada muryarsa ta yi laushi. Ranar Talata ya sa kaset ɗin a aljihu ya nufi wurin ƙungiyar.

Ɗaki ne guda a bayan wani gini, da benci biyu da fanka da ba ta juyawa. Mutane na zaune suna jiran layi ya zo kansu. Bukar na gaban kwamfutar, bayansa a miƙe, yatsunsa na tafiya a kan madannai da saurin da Isyaku ya manta yana da shi. Allon kwamfutar ma a kashe yake, tunda ba mai bukatarsa. Wata murya na zuba daga 'yar lasifika, da sauri, ba hawa ba sauka. Isyaku ya saurara sosai kafin ya gane Hausa ce. Labarin farashin taki take karantawa, Bukar na gyaɗa kai yana tsaki.

"Na ji warin man shanu," in ji Bukar ba tare da ya juyo ba. "Wani Bafillace ya shigo."

"Sallamata ka ji, Babarbare, bar cika baki."

Mutanen benci suka yi dariya. Isyaku ya matsa ya sa masa kaset ɗin a hannu. "Ga shi nan duka. Ban rage komai ba, Allah ne shaidata."

Bukar ya juya kaset ɗin a tafinsa. "Na yarda da kai. Na gode." Ya miƙa masa abinsa. "Amma kai ne dai a ciki. Inda ka ja numfashi nan zan ja, inda ka yi sauri nan zan yi sauri. In ina so in tsaya kan kalma ɗaya in ji yadda ka rubuta ta fa? Sannan waɗannan da ke bayana, kowa kaset za ka yi masa? Ga Malama can, ita tana ɗan gani, in aka ƙara wa rubutu girma tana karantawa. Naka da aka ƙara masa girma sai ya dagule kamar an zuba masa ruwa. Zauna ka ji da kunnenka."

Ya danna wasu madannai. Aka jira, aka jira, layin intanet na jan ƙafa. Sai muryar ta faɗi sunan Isyaku a karkace, daga nan ta shiga maimaita kalma ɗaya. Bukar na danna maɓalli, ita tana maimaitawa. Isyaku bai iya Turanci sosai ba, amma bai bukaci fassara ba. Kowace maimaitawa takarda ce da ya ɓata kwanaki a kanta. Ga Sheshe, ga Zaitawa, ga rijiyoyin da suka ƙafe, ga tsofaffin da suka ba shi labari suka mutu, duk muryar na wuce su da kalma ɗaya, yadda shi ma yake wucewa da gyaran murya.

"Ya isa," ya ce.

"Saura da yawa."

"Na ce ya isa."

Ya fito ya taka da ƙafa har Dukawuya, kaset ɗin na bugun cinyarsa. Garin ya cika da fastocin 'yan takara, zaɓe na biyu tun bayan komawar soja bariki na ƙaratowa. An manna fuska a kan fuska, an yage wasu, an shafa wa wasu taɓo. Motar kamfe ta wuce shi da kiɗa. Ya ji gajiyar abin tun kafin a fara.

Ya tarar da Bahijja tana fama da wata kwamfuta da ta ƙi tashi. Ta ba shi kujera, ta kawo ruwa.

"Tambaya gare ni," ya ce. "In aka buga rubutu aka sa a shafin, akwai yadda za a kulle shi, na'urar su Bukar ta karanta amma wani ya kasa kwasa?"

Ta ɗago daga kan kwamfutar ta dube shi. Ya san tana iya cewa akwai, shi kuma ba zai gane ba.

"Babu, Baba. Duk abin da na'urar Baba Bukar za ta iya karantawa, ɓarawo ma zai iya kwasa. Ƙofa ɗaya ce."

"Ya kwasa ya ƙara abin da ya ga dama."

"Ya ƙara. Abin da zan iya shi ne in bar hoton takardarka a sama, rubutun da aka buga a ƙasa. Duk mai shakka ya duba hannunka."

"Samarin da suka zo wancan karon, sun tsaya duba hannuna kafin su yi jifa?"

"Ba su tsaya ba."

"To ka ji."

"Ni dai gaskiya na faɗa maka, Baba. Tun farko na san shafin ba ya karantuwa ga irin su Baba Bukar, an koya mana. Na ga yadda ka tsorata ne na yi shiru."

Ya dube ta. Ita ma ashe ta rage masa wani abu don kada ya ji ciwo. Bai san ko ya yi mata faɗa ko ya gode mata ba, sai ya sha ruwan ya tashi.

A gida Mero ta lura abinci na dawowa kusan yadda ya tafi. Da ya faɗa mata abin da ke ransa, ba ta daina tsince shinkafar da ke gabanta ba.

"Malam, ni ma a cikin gidan nake ranar da aka yi jifan. Har yau in yara suka buga ƙwallo ta daki ƙyauren sai gabana ya faɗi. Ba zan ce maka ka buga ba."

"To in bari?"

"Ban ce ka bari ba. Abin da na gani kawai, tun da Malam Bukar ya daina zuwa, tawadarka ta bushe a kwalba."

Gaskiya ta faɗa. Ya sha zama da takarda a cinya ya tashi ba layi ɗaya. Yana ta auna abin a ransa ta kowace fuska. In ya buga aka cusa masa ƙarya, ba shi kaɗai zai cutu ba, har da wanda aka yi wa ƙaryar da zuriyarsa, kuma sunansa ne zai zama wuƙar. In bai buga ba, ya ajiye gaskiya a wurin da sai mai ido zai kai gare ta. Na farkon cuta ce mai yiwuwa, babba. Na biyun cuta ce tabbatacciya, wadda ba ta da ƙara, ba wanda zai jefi ƙofa a kanta. Ya lura cewa wannan ne ma ya sa ya fi jin daɗin zama da ita, sai ya ji kunyar lurar.

Wata Juma'a bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma don sabo, ya zauna shi kaɗai. Ya ɗauko tarihin gidan Goni, ya buɗe shafin da ya tsallake, ya karanta a zuci. Ya rubuta cewa Goni yakan fara zana gidajen allon da baƙi, sannan ya cika na tsakiya da rawaya, sai ja, kore a ƙarshe, don kore ya fi daɗewa bai bushe ba. Ya tsaya a nan. Rawaya ce kafin ja, ko ja ne kafin rawaya? Ya rufe ido ya nemo zauren Goni a ransa. Ya ga 'yan kwanukan, ya ga babban yatsan tsohon da launi ya rine, ya ga Bukar yaro yana riƙe da gefen allon. Jerin launukan ne ya ƙi tsayuwa. Lokacin da yake rubutawa ya tabbata. Yanzu bai tabbata ba.

Goni ya rasu, almajiransa da suka koyi zayyana sun watse ko sun bi shi. Baffa da ya yi ƙwalla bai taɓa zama a zauren ba. Mutanen Legas da Jidda hannun suke yabo. Duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da zai iya cewa nan ka yi daidai, nan ka yi kuskure, wanda ya riƙe allon da hannunsa, kuma shi ne mutumin da shafin ya rufe wa ƙofa. Isyaku ya ɓata shekaru yana gadin rubutunsa don kada wani ya sa masa ƙarya. Bai taɓa tunanin cewa in shi ya sa kuskuren da hannunsa mai kyau, ya kulle shi a ciki ke nan, ba mai fitar da shi.

Wannan bai amsa masa tambayarsa ba. Haɗarin na nan yadda yake, fastocin na nan a bango, lotsawar ƙyauren na nan. Ya dai naɗe tabarmar kafin a kira magariba.

Washegari da hantsi ya isa kafen da takardun a cikin leda. An ɗauke wuta, mijin Bahijja na waje yana jan igiyar janareta yana yi masa magiya. Da ya tashi, Bahijja ta kunna kwamfutar da ke lungu ta jawo kujera.

"Kawo in buga maka, Baba. Kafin azahar na gama."

"A'a. Nuna min dai."

"Za ka daɗe."

"Ina zan je? In za a ɓata shi, a ɓata abin da na buga da hannuna."

Ta matsa masa. Ya zauna a bakin kujerar kamar baƙo, ya goge tabaransa da gefen riga.

"Akwai kuma hoton allon zayyanar da muka sa," ta ce. "Shi ma sai an rubuta masa bayani a bayansa, abin da na'urar za ta faɗa in ta zo kansa. In ba haka ba, hoto kawai za ta ce."

"Me ake rubutawa?"

"Abin da kake gani. Yadda za ka faɗa wa mutum."

"Har launukan?"

"Har su."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Za mu zo kansa. Kuma ki bar hoton takarduna a sama, ko da ba mai dubawa."

"Zan bari. Daga farko za mu fara?"

"A'a."

Ya zaro takardun, ya wuce shafi na farko da na biyu, ya tsaya kan wanda ya tsallake, ya jingine shi jikin kwamfutar. Ya dubi madannan. Haruffan a warwatse suke, ba bisa jerin da ya sani ba, ya rasa wanda ya yi wannan rashin hankali. Ya ɗaga yatsa ɗaya, yana bin layi-layi yana neman harafin farko na sunan Goni. Ya same shi a tsakiya, ya danna.